Hannuna ya mutu tun bayan aikin mama, ciwon ne ya dawo?

Maman Amira:
Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan uwa, na daɗe a zauren nan ina karatu shiru, yau dai abin ya fi ƙarfina. Wata biyar ke nan da aka cire mini maman dama saboda ciwon daji, aka haɗa da kwashe kaluluwar hammata. Ɗinki ya warke sumul, alhamdulillahi. Matsalar ita ce hannun. Daga hammata zuwa kusa da gwiwar hannu, ta ciki, ɓangaren da yake gogar jiki, fatar ta mutu murus. In na shafa sai in ji kamar hannun wata nake shafawa. Abin da ya ɗaure mini kai, wurin nan da ba ya jin taɓi shi ne kuma yake mini raɗaɗi. Da rana da sauƙi, amma da na kwanta sai ya fara kamar an zuba barkono a ƙarƙashin fata, can kuma ya fizge ni kamar na taɓa wayar wuta. Leshi na daina sawa. Ko hijabi in ya goga wurin sai na cije leɓe. Na gaya wa likita ranar da na koma, ko ɗago kai daga fayil bai yi ba ya ce "ba komai, zai bari." Surukata kuma ta ce ciwon ne ya gangara hannu. Yau kwana uku rabona da barcin kirki. Don Allah wadda ta san abin nan ta gaya mini gaskiya, ko da mai ɗaci ce.

Ummu Sudais:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yar uwa, Allah ya sa kaffara ne. Wallahi kamar bakina kika ara. Nawa na hagu ne, shekara biyu yanzu.

Hajiya Babba:
Sannu Maman Amira. Kwantar da hankalinki tukuna, ni shekarata tara da aiki kuma ga ni ina rubutu da hannun. Bari Anti Nas ta fito, ita ta iya bayanin, ni labari kawai na iya.

Anti Nas:
Na fito Hajiya, ina wuni. Maman Amira sannu da jiki. Kafin in ce komai amsa mini waɗannan. Yatsunki suna da ƙarfi? Kina iya riƙe kofi, ki ɓalle maɓalli, ki murɗa makulli? Hannun ya fi ɗayan kauri, ko zobe da awarwaro sun fara matse ki? Ɗaya hannun da tafin ƙafa fa, lafiyarsu ƙalau? An yi miki gashi bayan aikin, wato haska wurin da inji don kashe ragowar daji? Sannan tun yaushe abin ya fara, tun kina kwance a asibiti ko kwanan nan?

Maman Amira:
Anti yatsuna lafiya lau. Ni tela ce, har almakashi ina riƙewa, ɗaga hannun sama ne dai yake mini wuya, sai in ji kamar an ɗaure hammatar da igiya. Kumburi ban gani ba, zobena yana shiga yana fita. Ƙafa da hannun hagu ba komai. Gashi ba a kai ga yi ba, ina layi. Mutuwar fatar tun ranar da aka buɗe bandeji na lura da ita, raɗaɗin ne ya zo daga baya, kamar bayan wata ɗaya.

Anti Nas:
To alhamdulillahi. Ba zan yi miki hukunci ta waya ba, amma abin da kika zayyana na gan shi ba adadi a shekarun da na yi a ɗakin masu fiɗa na mata. Kin san mu Hausawa komai jijiya muke ce masa: ta jini jijiya, ta agara jijiya, mai kai saƙo ƙwaƙwalwa ma jijiya. Shi ya sa in an ce "an taɓa mata jijiya" kowa da abin da zai fahimta. Wadda ake magana a nan mai kai saƙon ji ce. Siririya ce, tana fitowa daga tsakanin haƙarƙari na biyu da na uku, ta ratsa tsakiyar hammata, ta bazu a fatar damtse ta ciki. Likitoci na ce mata intakostoburakiyal. Aikinta ɗaya ne, ta sanar da ke an taɓa ki, ko zafi ko sanyi. Ba ta motsa ko yatsa ɗaya, shi ya sa almakashinki yake yanka. Kaluluwar da aka kwashe kuwa a cikin kitsen da wannan jijiyar ta ratsa take zaune. Wajen kwashewa ko a yanke ta, ko a ja ta ta wahala. Bakin da aka yanke ba ya yin shiru, sai ya riƙa aika saƙon ƙarya, ƙwaƙwalwa ta fassara shi da ƙuna ko suka. Ga dalilin da wuri ɗaya zai mutu kuma ya yi zugi. Abin da ya fara tun ranar buɗe bandeji, a daidai shatin jijiyar nan, ba haka dawowar daji ta saba zuwa ba.

Abban Hanifa:
Ku yi mini afuwa mata, ni jinyar uwargidana ce ta kawo ni nan. Anti Nas, in na fahimce ki, kenan likitan ne ya yanke mata jijiya? To wannan ai ganganci ne. Mama aka ce za a cire, wa ya aike shi hannu? Matata shekara guda ke nan ba ta iya tuƙa tuwo sai ta huta sau uku, kuma babu wanda ya ce mana ga abin da aka yi. A wata ƙasar da tuni an maka shi a kotu.

Ummu Sudais:
Wallahi Malam ka faɗi abin da ke raina.

Dakta Mai Fiɗa:
Salam. Tunda an taɓo mu bari in sa baki, don ni ma da hannuna na sha yanke jijiyar nan, kuma ba bisa kuskure ba. Malam Abban Hanifa, Allah ya ba uwargida lafiya. Dajin mama in zai bazu, zangonsa na farko kaluluwar hammata ce. In ya riga ya kai can, cire mama kaɗai aikin banza ne. A cikin hammata akwai jijiyoyi biyu da muke kaffa-kaffa da su kamar ƙwai. Ɗaya tana bin jikin haƙarƙari, ita ke riƙe allon kafaɗa ya kwanta a baya. In ta lalace za ka ga allon ya ɗago kamar fiffike in mace ta tura bango. Ɗayar tana zuwa ga faffaɗan naman baya. Waɗannan na motsi ne, lalata su babban abu ne. Ta ukun, wadda Anti ta yi bayani, ita a kan hanya take, a gicciye. In kaluluwar ƙanana ce muna iya zagaye ta mu bar ta. In kuwa ta yi manya ta manne da jijiyar, zaɓi biyu ne: ka bar jijiya tare da ragowar daji, ko ka kwashe duka. Ni dai na san wanda zan zaɓa wa ƙanwata. Kuma ko an bar ta, jan da aka yi mata kaɗai yana iya kawo wannan raɗaɗin. Maganar wata ƙasa kuwa, ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka da kanta tana cewa kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na matan da aka yi wa aikin suna samun ciwon da ya zarce lokacin warkewar ɗinki. Bambancinmu da su, tun shekarun 1990 suka koma ciro kaluluwa ɗaya zuwa uku su gwada, in babu daji a ciki su bar sauran. Wannan sai ga wadda ta zo da wuri. Mu kuwa akasarin matanmu sai ciwo ya kai mataki na uku ko na huɗu suke iso mu, hammata ta riga ta cika.

Abban Hanifa:
Na ji Dakta, kuma na janye kalmar ganganci. Amma ba ka amsa rabin maganata ba. Me ya hana a faɗa mana? Bayanin nan da ka rubuta ko minti biyar bai ci ba.

Dakta Mai Fiɗa:
Wannan kam ka kama ni. Wani ɓangaren yawa ne, mutum sittin a layi likita biyu. Amma ba zan ɓuya a bayan layi ba. Gaskiyar ita ce da yawanmu tsoro muke ji. Mace ta sha fama da kanta da danginta kafin ta yarda a cire mata mama. Ana gobe aiki in ka ƙara mata da cewa hannunki zai mutu, wataƙila ya riƙa zugi shekaru, da asuba sai ka tarar da gado wayam. Na ga wannan da idona. Bayan wata takwas a dawo da ita ciwo ya fashe, lokacin ba abin da wuƙa za ta iya.

Hajiya Babba:
Ni fa a nan ina bayan Dakta. Ku yara ba ku san yadda zuciya take a daren nan ba. Ni da aka ce mini gobe ne, sau biyu ina ɗaura ɗankwali zan gudu, ƙanwata ce ta zauna a bakin ƙofa. Da wani ya zo ya ƙara mini da zancen hannu, wallahi da yanzu ba da ni ake wannan hirar ba. Wani abin a bar kaza cikin gashinta.

Ummu Sudais:
Hajiya ki yi haƙuri, uwa kike a wurina, amma ban yarda ba. Bari ki ji abin da shirun ya jawo mini. Da zugin ya fara, ban gaya wa kowa ba, don na riga na yanke wa kaina hukunci cewa ciwon ne ya dawo. Wata bakwai ina haka. Na raba kayan ɗakina a zuci, na rubuta wa yayata wasiyya a kan yarana na ɓoye a ƙarƙashin akwati. Na daina shan tamoxifen, maganin hana dajin dawowa, na ce me zai yi mini tunda ya riga ya dawo. Ku ji fa, maganin da yake tsare ni na ajiye saboda ciwon da ba shi ba ne. Sai da na sayar da ɗan kunnena na gwal aka yi mini hoto, aka ce babu komai, wata ƙaramar likita ta zana mini jijiyar a bayan katina. Na yi kuka a gabanta, ba na murna kaɗai ba, har da na takaici. Wanda aka ce masa hanya akwai rami ai ba fasa tafiya yake ba, kula yake yi.

Anti Nas:
Ku biyun duk kuna da gaskiya, lokaci ne kuka saɓa a kai. Daren aiki ba daren wannan zance ba ne, Hajiya ta faɗi daidai. Amma tsakanin ranar da aka sa hannu a takarda da ranar sallama akwai kwanaki. Ranar cire robar da ke zuƙe ruwa daga hammata, mace tana zaune, hankalinta ya dawo, aiki ya riga ya wuce, babu inda za ta gudu. Me zai hana a ce mata: nan zai yi dindiris, wataƙila ya yi zafi, ba ciwon ba ne, in kin ga kaza da kaza kuwa ki dawo da gudu? Ni kaina ban riƙa yi ba sai a shekaruna na ƙarshe, Allah ya yafe mana.

Dakta Mai Fiɗa:
Na karɓa Anti. Sai dai a ƙa'ida kafin aiki ya kamata a faɗa, don yardar da aka bayar ba tare da sani ba rabin yarda ce. Ranar da mace ta zo ganin likita ake tsara aiki, ba daren ba. Mu ne muke tsallakewa.

'Yar Maraɗi:
Salamu alaikum, ina kwananku, ina lahiya. Ni innata ce aka yi ma aiki, aka yi mata gashi a Yamai, tunda yanzu akwai injin nan tun 2021, ba sai an tai waje ba. Ita da hannun ya dame ta wanzami muka kira ya yi mata ƙaho a kahwaɗa, kuma kullum da dare muna gasa mata da ruwan zahi da tsumma. Ta ce tana jin dama. Maman Amira ki gwada.

Hajiya Babba:
A'a! 'Yar Maraɗi tsaya, a nan kam ina da tabo, ba labari ba. Shekarata ta farko, lokacin hunturu, na cika gorar roba da ruwan zafi na naɗe a zani na matse a hammata na kwanta. Daɗi na ji a kafaɗa, barci ya kwashe ni. Da asuba zan yi alwala na naɗe hannun riga, sai ga fata ta ɗuri ruwa, ɓoro uku jere kamar an ɗora dutsen guga. Wallahi ko ɗis ban ji ba. Sati shida ana wanke shi, kuma daga wannan ƙunar ne hannun ya fara kumbura, har yau ya fi ɗan uwansa. Wurin da ba ya ji ba ya iya ce miki ya isa.

Mai Fiziyo:
Allah ya saka wa Hajiya. 'Yar Maraɗi, don Allah ku dakatar da ƙahon nan. Kaluluwa ita ce matatar da ke kwashe ruwan jiki daga hannu tana kashe ƙwayoyin cuta. An cire ta, an kuma yi gashi a wurin, magudanar ta ragu. Duk tsaga, ƙuna ko sakiya a wannan hannun ƙofa ce ga ƙwayar cuta, kuma hannun ba shi da masu gadi kamar da. Daga nan ake samun kumburin da ake kira limfodima, wanda kusan mace ɗaya cikin biyar da aka kwashe wa hammata take samu, kuma in ya zauna lallaɓa shi ake yi, ba ya tafiya gaba ɗaya. Man zafi ma a bar shi a wurin da ya mutu. In hannun ya yi ja, ya yi zafi, ga zazzaɓi, wannan na ranar ne, ba a kwana da shi.

'Yar Maraɗi:
To wallahi ba mu sani ba, lokotoro bai hwaɗa muna ba. Za ni kira gida yanzu.

Maman Amira:
Na gode ƙwarai, har na ji wani nauyi ya sauka. To magani fa? Diclofenac nake sha safe da dare kusan wata biyu, ba ya yi mini komai sai ƙwannafi.

Dakta Mai Fiɗa:
Ki ajiye shi, gyambon ciki da ciwon ƙoda yake nema miki a banza. Shi da ibuprofen maganin kumburi ne, ciwon jijiya ba ya jin su sosai. Waɗanda ake ba wa irin naki su ne masu kwantar da jijiyar kanta: amitriptyline kaɗan da daddare, ko gabapentin, ko pregabalin, ko duloxetine. Akwai kuma filasta mai ɗauke da lidocaine da ake mannawa in an samu. Ba zan rubuta adadi a nan ba, likitanki zai duba hawan jini, suga, ƙoda da sauran magungunanki, don wasu ba sa shiri da tamoxifen. Abu biyu ki sani. Ba sa aiki ranar farko, sai an yi sati biyu zuwa huɗu. Kuma da ƙarami ake farawa a riƙa ƙarawa, in za a bari ma a hankali ake sauka.

Ummu Sudais:
Amitriptyline ɗin nan shi ya dawo mini da barci, amma sai da muka yi rigima a gida. Ƙanin maigida ya karanta takardar cikin kwali ya ce maganin masu taɓin hankali aka ba ni. Satin farko kuma ga bushewar baki, ga nauyin ido har hantsi. Na koma shan shi bayan magariba maimakon sha ɗaya na dare, sai asuba ta daina gagarata.

Abban Hanifa:
Mu pregabalin aka rubuta mana. Na shiga kemis da takardar likita a hannuna, yaron ya dube ni sama da ƙasa ya ce babu, alhali ina hango kwalin. Sai da na koma da katin asibitin matar. Ban ga laifinsa sosai ba, 'yan ƙwaya sun ɓata sunan maganin kamar yadda suka ɓata tramadol. Amma mutum da furfurarsa a yi masa kallon ɗan shaye-shaye, da ciwo.

Maman Biyu:
Ku gafarce ni na shigo a tsakiya. Ina ta karantawa ina cewa irin na mahaifiyata ne, amma da Anti ta yi tambayar yatsu sai gabana ya faɗi. Ita shekara uku da aiki da gashi, lafiya lau take. Wata biyu da suka wuce ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka fara minjirya. Yanzu carbi yana zame mata, jiya kofin shayi ya suɓuce. Kafaɗar kuma tana mata ciwon da ba ta iya kwanciya ta wannan ɓarin. Ita ma jijiyar nan ce?

Dakta Mai Fiɗa:
A'a Maman Biyu, wannan daban ne, kuma ina so ki kai Mama cikin satin nan, kada ki jira ranar da aka rubuta mata. Daga wuya akwai tarin jijiyoyi da suke saƙe da juna su bi ta ƙarƙashin ƙashin wuya su shiga hannu, su ne masu motsa shi gaba ɗaya. Abu biyu ke taɓa su a irin wannan hali. Ko gashin da aka yi ya sa naman wurin ya taurare a hankali ya shaƙe su, wanda yakan bayyana bayan watanni ko shekaru. Ko kuma ciwon ya dawo a wurin yana danna su. Akwai ma na uku mai sauƙi, jijiya ta matse a gwiwar hannu ko a ƙashin wuya, wanda ba ruwansa da daji. Daga nan ba zan iya rabe miki su ba. Ciwo mai tsanani da farawa ta ƙaramin yatsa su ne suka sa nake gaggauta ki. Ki duba ko fatar idonta ta wannan ɓarin ta ɗan sauko, ki laluba saman ƙashin wuya ko akwai ƙullutu, ki gaya wa likita. Za su so hoton MRI, wataƙila da gwajin jijiya na lantarki. Ki koma inda aka yi mata gashin, su ke da fayil ɗin da ya nuna inda aka haska da yawansa.

Maman Biyu:
Innalillahi. To Dakta, gobe da sassafe in sha Allah. Ku sa mu a addu'a.

Hajiya Babba:
Allah ya sa mu ji alheri 'yata. Ki tafi da abin karyawa da haƙuri, ki kuma rubuta tambayoyinki a takarda, don in an shiga gaban likita kai yakan ɗauke.

Anti Nas:
Amin. Ga sauran masu karatu shiru, kada kowa ta ɗauki bayanin Maman Amira ta yafa wa kanta. Nata fata ce kawai, tun ranar aiki, ba ya ƙaruwa. Wanda ya zo sabo bayan an daɗe lafiya, ko yake ci gaba, ko ya taɓa ƙarfin yatsu, na asibiti ne. Sannan waɗanda aka ƙara wa ruwan kemo, wato maganin daji da ake sawa ta jijiyar jini, irin su paclitaxel, in kun ji yatsun hannu biyu da tafin ƙafa biyu suna minjirya kamar an sa safa, wannan maganin ne ba wuƙa ba. Ku faɗa tun ana cikin yi, don ana iya rage shi. Mai ciwon suga kuma ta riƙe sugarta, jijiya ba ta warkewa a cikin zaƙi.

Maman Amira:
Allah ya ba Mama lafiya. Mai Fiziyo, igiyar nan da nake ji a hammata fa? In na miƙa hannu zan ɗauko zare a saman kanta har ganinta nake, ta miƙe kamar tsirkiya. Kabbara ma a daidai ƙirji nake tsayawa.

Mai Fiziyo:
Wannan ba jijiyar ji ba ce, hanyoyin ruwan da aka yanke ne suka taurare suka zama kamar igiya. Tana sakewa da miƙa hannu da tausa ta wanda ya iya, wani lokaci har ki ji ta yi ɗas, kada ki tsorata. Amma ki zo a gan ki da wuri, don dalili ɗaya: a injin gashi sai kin ɗaga hannu sama da kai kin riƙe, in bai ɗagu ba za a ɗage miki ranar, ga layi kin san yadda yake. Kowane asibitin koyarwa yana da sashenmu na fiziyo, wato masu gyaran gaɓoɓi da motsa jiki, a Kano akwai na Malam Aminu Kano da na ƙashi a Dala, a Zariya akwai Shika. Ki ce likitanki ya rubuta miki takardar turawa. Kafin nan, ki tsaya gaban bango ki sa yatsu su riƙa hawa kamar gizo-gizo har inda kika ji ja, ba zafi ba, ki ƙirga goma, ki sauko. Sau goma, safe da rana da dare. Ki sa alama da alli ki ga yadda take hawa. Ita kuma fatar da ba ta son taɓi, guje mata ƙara mata rashin kunya yake. Ki fara shafa ta da auduga minti biyu zuwa uku sau da yawa a rana. In ta saba ki koma gyale mai santsi, sai atamfa da ta sha wanki, sai tawul. Ke da kike tela ai ƙyallaye ba za su gagare ki ba. Leshi shi ne ajin ƙarshe.

Abban Hanifa:
Tuƙin tuwo fa? A hana ta ko a bar ta?

Mai Fiziyo:
A bar ta Malam, amma a ƙaramar tukunya tukuna, tana ƙarawa a hankali. Da ana cewa kada a yi komai da hannun, yanzu an gano zaman banza ya fi cutar da shi. Ta dai kula da bakin tukunya da tururi a wurin da ba ta ji. In kuma ka karɓi muciyar wani lokacin ba wanda zai kai ka ƙara.

Maman Amira:
Tambaya ta ƙarshe don Allah, kada in cika ku. Zai dawo kamar da?

Dakta Mai Fiɗa:
In ja aka yi mata ba a yanke ba, tana farfaɗowa, amma tafiyar hawainiya ce, wajen milimita ɗaya a rana, inci guda a wata. In an yanke, da wuya ji ya dawo duka. Abin da aka fi gani, zugin yana lafawa, shatin yana tsukewa saboda jijiyoyin maƙwabta suna miƙo rassa. In akwai wuri ɗaya a bakin tabo da in an danna yake harba wuta, ki nuna shi, wani lokaci bakin jijiyar ne ya dunƙule, kuma ana yi masa allura.

Hajiya Babba:
Ni bayan ƙunar nan dabara na yi. Na sa jikata ta riƙa tsikarata da bayan cokali ina rufe da ido, duk inda na ce ban ji ba ta ɗiga biro, har ta zagaye shi. A lokacin ya kai tafin hannuna biyu. Duk ƙaramar salla muke sakewa. Bana da ta zana bai fi bakin kofin shayi ba, can sama kusa da hammata. Wannan na san da shi za a binne ni, mun saba. In hadari ya haɗo yakan ɗan yi mini magana, shi ke nan.

Maman Amira:
Salam 'yan uwa, na dawo da rahoto bayan kwana goma sha biyu. Na koma asibiti da tambayoyina a takarda kamar yadda Hajiya ta ce. Wannan karon na ce masa likita don Allah ka taɓa wurin, ya taɓa, ya duba hammata da saman wuya, ya ce jijiyar ce, ya rubuta amitriptyline da takardar fiziyo. Barci ya fara samuwa, zugin yana nan amma ya rage kaifi. Alamar allina ta hau da kusan taƙi ɗaya. Ina ajin gyale, atamfa ta ƙi tukuna. Surukata har yanzu ba ta gamsu ba, ta aiko da wani ƙulli a shafa, na karɓa na gode na ajiye. Maman Biyu shiru, ya jikin Mama?

Maman Biyu:
Da sauƙi, na gode Yaya. An yi hoton ranar Talata, sun ce sakamako sai Litinin. Wai ko akwai wadda ta san inda ake samun kofi mai hannu biyu? Ta ƙi yarda a riƙa ba ta shayi a baki.